Abin da Baba Ya Ji a Praha

Na yi shekara talatin da biyu ina aikin injiniyan sauti a wani gidan rediyo kafin na ajiye aiki, kuma a duk tsawon wannan lokaci babu tambayar da abokan aikina suka fi yi mini kamar ta kiɗan da nake saurare idan na keɓe. Sukan ce, Malam, me kake ji a cikin kiɗan Turawan nan wanda babu mawaƙi, babu 'yan amshi, ba a yabon kowa, ba a yi wa kowa zambo? Nakan yi murmushi in ce sabo ne, domin amsar gaskiya doguwa ce, kuma rabinta labarin wani dattijo ne da ya rasu tun da daɗewa a ƙasar da yawancinsu ba su san inda take ba. Yanzu da shekaru suka ja, jina kuma ya fara raguwa, na ga ya kamata in rubuta abin da na gani da abin da na ji tun ina da ikon tantance su.

A shekarar 1983 na samu gurbin karatu a Cekoslobakiya, ƙasar da a wancan zamani take ba ɗaliban Afirka da Asiya da yawa tallafin karatu, wadda kuma a farkon 1993 ta rabu gida biyu, Jamhuriyar Cek da Sulobakiya. Shekarar farko an kai mu wani ƙaramin gari koyon harshe, inda muka sha fama da wani harafi nasu da ake rubutawa ř, wanda furucinsa yake tsakanin ra da ja, kuma shi ne a tsakiyar sunan mai tsara kiɗa Dvořák. Daga nan na wuce babban birni, wanda duniya ta sani da Prague amma mutanensa suke kira Praha, na fara karatun injiniyan lantarki. Sanyin hunturun farko bai dame ni kamar duhunsa ba, domin a watan Disamba kafin ƙarfe huɗu da rabi na yamma rana ta faɗi, mutum ya yi la'asar da magariba kusan a jere, sannan ya zauna a ɗaki da kewar gida har dare ya raba.

Dattijon da nake magana a kansa shi ne mai kula da na'urorin awo a ɗakin gwaje-gwajenmu. Ya riga ya yi ritaya, amma ana kiran sa ya taimaka saboda babu rediyo ko amfilifaya da take gagarar sa. Wata rana ya tsaya a kaina ina like waya da dalma, ya daɗe yana kallo, sannan ya karɓi ƙarfen daga hannuna ya nuna mini cewa wayar ake zafafawa, dalmar ita za ta bi ta da kanta. Tarbiyyar gidanmu ba ta bar ni in kira sa'an mahaifina da sunansa ba, sai na fara ce masa Baba. Ranar farko ya yi dariya har da hawaye, domin a harshensu kalmar tsohuwa take nufi, amma da na bayyana masa matsayinta a wurinmu sai ya yi shiru na ɗan lokaci, ya ce to, daga yau kada in canza. Shi kuma yakan ce mini yarona. Ba a jima ba ya fara gayyata ta gidansa ranar Lahadi, matarsa kuwa da ta fahimci ba na cin naman alade sai ta sayi tukunya ta daban domin girkina, ba tare da kowa ya roƙe ta ba.

A falon nan nasu, a hawa na uku, akwai garmaho da amfilifayar da Baba ya haɗa da hannunsa, mai bawul-bawul da suke yin ja idan sun ɗumama. Lahadi ta biyu ko ta uku ya zaro wani faifai na kamfanin Supraphon daga rigarsa, ya riƙe shi ta gefe da tafin hannu biyu kamar mai ɗauke da ƙwarya cike da nono, ya share shi da ƙyalle, ya ɗora allura, ya ce in rufe ido. Na ji sarewa ɗaya tana gudu a hankali, wata ta biyo ta, suna miƙa wa juna, can ƙarƙashinsu ana tsinkar tsirkiyar goge ɗaya-ɗaya kamar ɗigon ruwa. Baba ya ce a hankali: wannan idon ruwa ne a kan dutse. Da wasu abin busa masu kaurin murya suka shigo sai ya ce ga na biyu nan, domin kogin Vltava daga maɓuɓɓuga biyu yake tasowa, ɗaya ana ce mata mai ɗumi, ɗaya mai sanyi. Sai gogaye duka suka ɗauki wani karin sauti mai faɗi, kogi ya tashi. Ni ɗan bakin kogin Haɗeja ne, na san yadda ruwa yake zuwa a farkon damina, kuma a cikin minti goma sha biyun nan na bi wannan baƙon kogi ya ratsa dajin mafarauta masu busa ƙaho, ya wuce ƙauyen da ake bikin aure ana rawa, dare ya yi masa farin wata ya fito, ya faɗa cikin duwatsu yana hauka, ya fito da faɗinsa ya shiga Praha ta ƙarƙashin tsohuwar ganuwar Vyšehrad. Da na buɗe ido taga na fara duba, domin kogin da kansa yana nan ƙasa da tafiyar minti goma daga gidan.

Sai da allura ta ɗaga Baba ya gaya mini cewa mutumin da ya tsara wannan kiɗa bai taɓa jin sa da kunnensa ba. Bedřich Smetana ya kurmance gaba ɗaya a watan Oktoba na 1874, yana da shekara hamsin, kuma a ƙarshen wannan shekara ya rubuta Vltava cikin ƙasa da mako uku. Shi ne kashi na biyu cikin kashi shida na babban aikin da ya sa wa suna Má vlast, wato Ƙasata, wanda ya kammala a 1879, aka kaɗa shi dukkansa a karon farko a Praha a watan Nuwamba na 1882. Ya rasu ranar 12 ga Mayu 1884, shi ya sa babban bikin kiɗa na bazarar Praha yake buɗewa kowace shekara a wannan rana da wannan aiki. A lokacin na ji tausayinsa irin tausayin saurayi mai lafiyar kunne, wanda yake ganin kurumta abu ce da take faruwa ga wasu.

Faifan na ƙungiyar makaɗa ta Filharmoniyar Cek ne, an ɗauke shi a 1963 a zauren Rudolfinum, madugun makaɗan kuwa Karel Ančerl. Baba ba ya ambaton sunansa sai ya sassauta murya. Bayahude ne, 'yan Nazi suka kai shi sansanin Terezín a 1942, inda ya haɗa ƙungiyar masu goge daga cikin fursunoni, sannan a 1944 aka wuce da shi Auschwitz tare da matarsa da ƙaramin ɗansu, shi kaɗai ya fito da rai. A 1950 aka ba shi jagorancin Filharmoniya, ya riƙe ta shekara goma sha takwas, har tankokin Tarayyar Sobiyet da ƙawayenta suka shigo a watan Agusta na 1968, ya koma Toronto ta ƙasar Kanada, a can ya rasu a 1973. Abin da ya ba ni mamaki, kuma yake ba ni har yau, shi ne babu alamar neman tausayi a kiɗansa. Komai a tsaye yake, kowane bugu a kan lokacinsa, rawa tana da ƙafa, baƙin ciki kuma yana da kunya.

Faifai na biyu da ya kama ni shi ne simfoni, wato dogon kiɗan ƙungiyar makaɗa mai kashi-kashi, na tara na Antonín Dvořák, wanda ake kira Daga Sabuwar Duniya, shi ma Ančerl ne ya jagoranta a 1961. Dvořák ɗan mahauci ne daga ƙauyen Nelahozeves da ke bakin Vltava, aka ɗauke shi shugabancin wata makarantar kiɗa a New York daga 1892 zuwa 1895, a can ya rubuta wannan aiki, aka fara kaɗa shi a zauren Carnegie ranar 16 ga Disamba 1893. Wani ɗalibi baƙar fata mai suna Harry Burleigh, wanda kakansa ya yi zaman bauta, yakan rera masa waƙoƙin addini na bayin Amurka, kuma Dvořák ya fito fili ya ce a kan irin waɗannan karin ya kamata Amurka ta gina kiɗanta. A kashi na biyu na simfonin akwai wata doguwar algaita da Turawa suke kira kor angile, bakinta na kara ne mai leɓe biyu kamar algaitarmu, sai dai muryarta a lulluɓe take. Ranar da na fara jin ta ban iya cin abincin da aka ajiye mini ba. Ga ni baƙo a Praha ina sauraron ɗan ƙasar Cek da yake baƙo a Amurka yana kewar gida, da karin da ya sha ruwan waƙar mutanen da aka raba da wani gida a nahiyarmu. Matar Baba ta dafa kafaɗata ta tafi kicin ba ta ce komai ba.

Akwai labari ɗaya da Baba ya fi maimaita mini fiye da kowanne. Ranar 15 ga Maris 1939 sojojin Jamus suka shiga Praha, ƙasar ta faɗa hannun Hitler. Bayan wata uku ba cikakku ba, ranar 5 ga Yuni, Václav Talich, wanda ya jagoranci Filharmoniya tun daga 1919, ya kaɗa Ƙasata a Gidan Wasan Ƙasa, ginin da jama'a suka yi karo-karo suka gina, ya ƙone a 1881, suka sake yin karo-karo suka tayar da shi a 1883. Baba yana da shekara goma sha tara a lokacin, yaron shago ne a wurin mai gyaran rediyo, ya ce ya samu tikitin tsayuwa a can saman bene. Kashi biyu na ƙarshe na aikin, Tábor da Blaník, an gina su a kan taken mayaƙa mabiya malamin Kirista Jan Hus na ƙarni na goma sha biyar, kuma Blaník sunan dutsen da almararsu ta ce akwai jarumai suna barci a cikinsa, za su fito ranar da ƙasa ta shiga matsanancin hali. Kowa a zauren ya san wannan. Baba ya ce da aka gama, tafi ya ƙi ƙarewa, sai wani ya ɗaga murya da taken ƙasa, wanda yake farawa da tambayar ina gidana yake, kafin ka ce kwabo dukan zauren ya ɗauka, alhali sojan mamaya suna cike da gari. Yakan kai nan ya tsaya, ya cire tabarau ya goge. Na tambaye shi ko akwai faifan wannan dare, ya ce an watsa shi a rediyo, amma a saninsa ya bi iska.

Dole in faɗi gaskiya a nan, domin saboda ita nake wannan rubutu. Ina son Baba, ban taɓa kama shi da ƙarya ba, amma a can cikin zuciyata na ajiye labarin nan a jerin labaran tsofaffi, waɗanda suke ƙara girma duk lokacin da aka sake ba da su. Na ɗauka wataƙila mutum ashirin ne suka rera, shekaru suka mayar da su dubu.

Ina shekarar ƙarshe ta karatu mulkin kwaminisanci ya faɗi a watan Nuwamba na 1989. Ranar 12 ga Mayu 1990, ranar buɗe bikin kiɗan bazara da Ƙasata, muka zauna mu uku gaban talabijin muka ga Rafael Kubelík, wanda ya bar ƙasar a 1948 ya ƙi dawowa muddin wannan mulki yana nan, ya hau dandamali bayan shekara arba'in da biyu, tsoho mai farin gashi da ciwon gaɓoɓi, ya ɗaga hannu ga Filharmoniyar da ya jagoranta yana saurayi. Shugaba Václav Havel yana zaune a zauren. Baba bai ce uffan ba daga farko har ƙarshe, sai da aka gama ya ce, yarona, yau ta yi kama da waccan ranar, amma waccan ta fi. Da zan dawo gida a ƙarshen wannan shekara ya ba ni faifai huɗu a cikin kwali: biyu na Ƙasata, ɗaya na Dvořák, ɗaya kuma na raye-rayen Slav na Dvořák da Talich ya ɗauka a 1950. Shekara huɗu bayan haka wasiƙar matarsa ta iso ni cewa ya rasu.

Faya-fayan ba su ji daɗin ƙasarmu ba. Ƙurar hunturu takan shige cikin layin faifai komai kulawar mutum, allura kuma ta riƙa niƙa ta a ciki, har ƙas-ƙas ɗin ya fi sarewar ƙarfi. A wata bazara da muka yi ƙaura aka manta kwalin a bayan mota cikin rana, faifan da yake ɗauke da Vltava ya lanƙwashe kamar faifan kaba da ruwa ya daka. Na yi kwana biyu ba na iya yi wa kowa magana mai daɗi. Abin da ya rage mini kaset ne da na kwafa tun farko, shi ma da ya sha juyi sai muryarsa ta dushe, ya fara rawa kamar mai zazzaɓi. A wurin aiki kuwa kullum ina tare da tef mai faifai biyu, ina yanka shi da reza ina likewa, ina goge kan na'ura da auduga da sifirit, kuma na ga da idona yadda tef ɗin manyan makaɗanmu na da yake mutuwa a sito, wani ya manne da juna, wani ya fara warin tsami, wani a goge shi a ɗora sabon shiri saboda ƙarancin kaya. Saboda haka na sa a raina cewa sauti abu ne mai ajali kamar mai shi.

Faifan CD na farko da na samu na irin wannan tsohon kiɗa ya ƙara mini wannan tunani. Wani kamfani ne mai araha ya fitar da shi, an bi shi da na'urar kashe ƙara har an kashe kiɗan tare da ita, gogaye sun koma kamar ana busa su ta cikin bututu, zauren da aka yi kiɗan ya ɓace ɗungurungum. Sai a 2006 wani ƙanena da ya je Turai ya kawo mini biyu daga jerin da Supraphon ya fara fitarwa a 2002 da sunan zubin zinariya na Ančerl, jerin da ya kai faifai arba'in da biyu, na farkonsa kuwa Ƙasata ta 1963, wato ainihin abin da rana ta lanƙwasa mini.

A matsayina na mai sana'ar, ina so in bayyana abin da ake nufi da sabunta sauti, domin mutane da yawa suna zaton ƙari ake yi ko kwaskwarima. Kiɗan da aka ɗauka a 1963 a kan tef aka ɗauke shi, faifan garmaho kuwa kwafi ne da aka matse domin ya shiga. Mai yanka faifai dole ya rage kaurin sauti don kada allura ta yi tsalle, ya rage tazarar da ke tsakanin ƙarami da babban sauti don minti ashirin da biyar su samu wuri a fuska ɗaya, sannan duk lokacin da allura ta matso tsakiya saurin layin a ƙarƙashinta yana raguwa, siririn sauti ya fara dagulewa. Mai sabuntawa yakan koma ga uwar tef ɗin da ke ajiye a rumbu, ya duba mahaɗan da aka like tun da can, ya daidaita kan na'urarsa daidai da kusurwar kan da ya yi ɗaukar, ya tabbatar saurin juyi bai ɗaga ko ya sauke muryar kiɗan ba, sannan ya kwashe shi zuwa kwamfuta da ma'auni mai zurfi, bit 24 maimakon 16 na CD, domin ya samu sararin aiki. Daga nan sai aikin kunne da haƙuri, a cire ƙas ɗaya-ɗaya, a gyara inda tef ya yi rauni. Gwanin kirki yakan bar ɗan shuuu na tef a ƙasa, saboda ya san numfashin zaure yana zaune a wuri ɗaya da shi, idan ka share ɗaya ka share ɗayan. A nawa hukuncin, wannan kamun kai shi ne ya raba gwani da mai lalata kayan mutane.

Daren da na sa faifan, bayan yara sun kwanta, na ji abubuwan da ko a falon Baba ban ji ba. Na ji mai sarewa yana jan numfashi kafin ya shiga. Na ji manyan gogaye na ƙasa suna tafiya kamar ruwan da ke ƙarƙashin kwalekwale, na ji ƙahonin Cek na wancan zamani da 'yar rawar muryarsu mai taushi, na ji yadda zauren Rudolfinum yake riƙe sauti na ɗan lokaci bayan makaɗa sun tsaya. Akwai kuma wani ɗan ƙarfe mai kusurwa uku da ake bugawa da tsinke, wanda yake ƙyalli a saman karin kogin kamar hasken rana a kan ruwa. A kaset ɗina ya daɗe da mutuwa, har na manta da shi, sai ga shi ya dawo. Daga baya na samu Ƙasata ta Talich ta 1954, wadda sautinta na lasifika ɗaya ne, da ta Kubelík da kamfanin Mercury ya ɗauka a Chicago a 1952 da makirufo guda ɗaya tak da aka rataye a saman makaɗa, aikin da har yau nake cire wa injiniyoyinsa hula. Idan aka tambaye ni, Ančerl ya fi kowa tsabta da kaifi, amma Talich ya fi shi sanin inda kogi yake jinkirtawa ya huta, kuma a hannunsa bikin auren ƙauyen nan yana da ƙurar ƙafa. Shi ma bai tsira daga zamaninsa ba, domin an tsare shi a 1945 bisa zargin haɗa kai da 'yan mamaya, aka sake shi bayan 'yan makonni, sannan bayan 1948 aka daɗe ana hana shi fitowa gaban jama'a a Praha, ko da yake an bar shi ya shiga ɗakin ɗaukar sauti.

A 2013 'yata ta fari, wadda ta girma tana jin labarin Baba har ta haddace shi, ta dawo hutu daga karatu da wani ƙunshi a jakarta. Ta ce, Baba, na ga wani abu a intanet na yi odarsa, ban sani ba ko shi ne. Na duba bangon na ga sunan Talich da shekarar 1939, sai hannuna ya fara rawa. Ashe a wancan dare an miƙa shirin ta waya zuwa Paris da Oslo, gidan rediyon Norway kuwa, wanda yake da na'urar ɗauka mafi inganci a lokacin, ya ɗauke shi ya ajiye, ya kwana fiye da shekara saba'in a rumbu, har Supraphon ya tsabtace shi ya fitar a 2011.

An ɗauke wuta a daren, sai muka tayar da janareta muka rufe tagogi saboda ƙararsa, na zauna tsakanin lasifika biyu, ita kuma a kan tabarma kusa da ƙafata. Sautin tsoho ne, siriri, da 'yar hayaniya a bayansa, amma an yi masa aikin mutunci, ba a shaƙe shi ba. Tun daga garayar da take buɗe kashi na farko, Vyšehrad, na ji makaɗan suna kiɗa kamar mutanen da ba su da tabbacin za a sake barin su. Da Tábor ya ƙare tafi ya ɓarke da ihu, irin wanda ban taɓa ji a faifan irin wannan kiɗa ba. Blaník ya zo ya wuce da gangunansa da kakakinsa, tafi ya sake tashi ya ƙi sauka, ni kuwa ina riƙe da hannun kujera ina jira, ina jin tsoron abin da zan ji da abin da ba zan ji ba. Sai muryoyi suka taso daga cikin tafin, maza da mata, suka haɗu suka zama abu ɗaya, dukan zauren yana rera taken ƙasarsa. Ba mutum ashirin ba ne. Yadda Baba ya faɗa haka yake, bai ƙara ko ƙwayar gero ba.

Na yi kuka a gaban 'yata, abin da ban taɓa yi ba ko a ranar rasuwar mahaifina. Na ji kunyar zargin da na ɓoye wa dattijon nan shekara kusan talatin, mutumin da ya buɗe mini gidansa a lokacin da ba ni da kowa. Da ta ga na natsu sai ta ce, Baba, ke nan muryarsa tana ciki? Na ce tana ciki, a can sama ta wajen bene, yana da shekara goma sha tara, ƙasa da shekarunki na yanzu. Ta ce in mayar da wurin, na mayar, muka sake mayarwa har man janareta ya ƙare.

Shekara uku da suka wuce na lura ina yawan cewa a maimaita mini magana, musamman idan mata ko yara ne suke yi. Likita ya sa mini abin saurare a kunne ya gwada ni da sautuka daga mai kauri zuwa siriri, ya zana mini layin da na iya karantawa tun kafin ya yi bayani, domin irinsa na yi ta zanawa ga na'urori duk rayuwata: daidai yake tafiya har tsakiya, sannan ya gangara. Shekaru ne da kuma aikin da na yi da abin saurare a kai. Alhamdu lillahi, ba irin ta Smetana ba ce, wanda ya wayi gari cikin shiru, ga kuma ƙugi a cikin kansa da bai bar shi ba har ya mutu, duk da haka ya rubuta aikin nan mai kashi shida. Yanzu idan na tuna tausayin da na ji masa a falon Baba sai in ga ban san komai ba a lokacin.

Ɗan ƙarfen nan mai kusurwa uku ya sake ɓace mini, wannan karon kuwa babu injiniyan da zai dawo da shi. Jikana ɗan shekara bakwai yakan zauna tare da ni idan na sa Vltava, na koya masa ya ɗaga yatsa duk lokacin da ya ji shi, ni kuma in bi yatsan da ido in sa sautin a wurinsa daga abin da na tuna. Muryar mutane kuwa a tsakiyar ma'auni take, inda kunnena bai taɓu ba tukuna, saboda haka duk ranar 5 ga Yuni bayan sallar isha'i nakan sa faifan 1939 daga farkon Blaník, in matso da kujera kusa da lasifika, in saurari saman benen.